Yadda ake riƙe albashin farko har ya ga ƙarshen wata

Ranar 27 ko 28 ga wata waya za ta yi ƙara, alat ya shigo. Kafin 12 ga wata mai kamawa yaro ya fara laluben aljihu yana neman kuɗin adaidaita sahu. In ka tambaye shi, amsar ɗaya ce: "Yaya, wallahi ban san inda suka shiga ba." Na ji wannan magana daga bakin ƙannena na ciki ɗaya, na ji ta daga 'yan bautar ƙasa da ake turowa makarantar da nake koyarwa, ni ma na faɗe ta a shekarar da na fara aiki. Tun daga lokacin, duk wanda ya fara ɗaukar albashi a kusa da ni sai na zaunar da shi a tabarma, da littafi da biro, mun yi wannan aiki tare. Abin da muke yi a wannan zama shi ne zan rubuta a nan. Da "kai" zan yi magana, amma ƙanwata, har da ke nake.

Ba zan ce maka kuɗin suna da yawa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, da alawus ɗin naira 77,000 da 'yan bautar ƙasa suka fara karɓa a Maris ɗin 2025, duk ba kuɗin facaka ba ne, kuma da yawa daga masu aiki a makarantun kuɗi da shaguna ko hakan ba sa samu. Ƙarancin nan shi ne ma dalilin da ya sa dole ka raba kuɗinka tun ranar da suka shigo. In ba ka raba su da kanka ba, jama'a da sha'awar zuciya za su raba maka.

Kayan aiki

- Littafin rubutu mai ƙaƙƙarfan bango, da biro da ba ya rabuwa da shi. Ana iya rubutu a waya, amma waya tana lalacewa, ana ƙwace ta, kuma da ka buɗe ta don lissafi sai ka tsinci kanka a WhatsApp.
- Asusun banki biyu. Na farko wanda albashi ke shiga, mai kati. Na biyu na ajiya, kada ka karɓi katinsa, kada ka sa manhajarsa a wayarka. Za a nemi BVN da NIN wajen buɗewa. In kana gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019.
- Ambulan huɗu ko biyar. In babu, takarda da robar ɗaure kuɗi ma sun wadatar.
- Mutum ɗaya mai riƙon amana da riƙon sirri, wanda ya girme ka kuma ba ya buƙatar kuɗinka. Shi za ka riƙa nuna wa littafin.

1. Wata guda kana rubutu kawai

Kada ka canja komai a watan farko. Ci yadda ka saba, hau mota yadda ka saba, amma duk abin da ya fita daga hannunka ka rubuta shi kafin ka kwanta: ruwan leda, cajin waya, ladan mai POS, sadakar almajiri, indomi da ƙwai wajen mai shayi, data, kati, naira 500 da aboki ya ce ka ara masa. Kwanan wata a hagu, abin da aka saya a tsakiya, kuɗi a dama.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne barin ƙananan abubuwa, wai ba su kai a rubuta ba, alhali ta nan ɓarakar take. Wani yaro da na zauna da shi ya rantse abinci ne ke cinye masa kuɗi. Da muka tattara shafukansa, data da teburin mai shayi na dare sun fi cefanensa na wata. Bai yi gardama ba, tunda rubutun hannunsa ne. Kuskure na biyu shi ne tara kwana uku kafin a rubuta. Ba za ka tuna ba, kuma lissafin da aka cike da zato bai da amfani.

2. San ainihin abin da ke shigowa

Abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki daban, abin da ke faɗawa asusunka daban. Inda ake bin dokar fansho ta 2014, ana cire kashi 8 cikin 100 daga wajenka, mai aikin ya ƙara kashi 10, ga haraji, ga kuɗin ƙungiya. Da abin da ya shigo za ka yi lissafi. Ka tambayi mai kula da albashi wane kamfanin fansho ake zuba maka, ka riƙa duba ko ana zubawa da gaske.

In kai tela ne, ko mai gyaran waya, ko mai tuƙa adaidaita sahu, ba ka da ranar albashi. Sai ka duba makonni takwas da suka wuce, ka ɗauki makon da ciniki ya fi mutuwa, ka ɗora lissafinka a kansa. Abin da ya ƙaru a makon Sallah rara ce, ta tafi ajiya. Kuma ka raba kuɗin sana'a da na aljihu: ka yanka wa kanka lada duk mako kamar kai yaron shago ne, kada ka riƙa zura hannu cikin uwar kuɗi.

3. Kasafta a takarda kafin alat ya shigo

Kwana biyu kafin albashi ka buɗe sabon shafi. Ga misali na wanda ke karɓar 77,000, yana zaune a ɗakin haya na naira 120,000 a shekara. Naka zai bambanta, tsarin kawai za ka ɗauka:

- Tarin kuɗin haya: 10,000
- Abinci: 28,000
- Kuɗin mota: 12,000
- Gida, wato na iyaye: 10,000
- Ajiyar ko-ta-kwana: 7,000
- Data da kati: 4,000
- Hidimar jama'a, wato biki da suna da dubiya: 3,000
- Aljihu, aski da sabulu da sauransu: 3,000

Ka lura da layin farko. Ana biyan haya sau ɗaya a shekara, shi ya sa matasa ke mantawa da ita har sai mai gida ya aiko. Raba ta gida goma sha biyu, ka ɗauke ta a matsayin bashin kowane wata, kuma in za ka iya ka ɗora wani abu a kai, don ba safai mai gida ke sabunta haya a tsohon farashi ba. Ɗinkin Sallah da kuɗin jarrabawa ma haka za ka yi musu.

In har yanzu kana gidan iyaye, kada ka goge layin haya. Ci gaba da cire shi kamar kana biya. Ranar da za ka fita, ko ranar da maganar aure ta taso, da shi za ka tsaya da ƙafarka.

In lissafi ya ƙi haɗuwa, rage daga data da aljihu da cin waje. Kada ka fara da soke ajiya. Ko naira 2,000 ce, a bar layin da rai.

4. Zauna da iyayenka

Wannan mataki ya fi kowane nauyi, kuma shi ne wanda yara suka fi gudu. A gidan Bahaushe, ranar da ka fara aiki ba kai kaɗai ka fara ba. Inna ta sa rai, ƙanne sun sa rai, kawu ya ji labari, goggo ta aiko da gaisuwa. Wannan ba laifi ba ne, da guminsu ka kai inda kake. Matsalar ita ce ba wanda ya san nawa kake samu, kowa yana auna ka da zatonsa, kai kuma kunya ta hana ka magana. Sai ka yi ta bayarwa har ka ƙare, daga nan ka fara ƙin ɗaga waya, zumunci ya yi tsami.

Albashin farko, yawancin gidaje ana kai wa iyaye su sa albarka. Ka kai, al'ada ce mai kyau, kuma sau da yawa uwa tana ɗaukar kaɗan ta mayar maka da sauran. Amma kafin ka miƙa, ka faɗa musu gaskiya cewa a ciki za ka yi kuɗin mota da abinci har wani watan. Na ga wanda ya miƙa duka don a yabe shi, ya koma ya ci bashin zuwa aiki, bashin ya bi shi wata huɗu.

Bayan haka ka nemi lokacin da gida ya yi shiru, bayan sallar isha'i, ka durƙusa ka buɗe littafin a gabansu. Ba sai ka yi dogon bayani ba: "Baba, ga abin da ake ba ni. Ga haya, ga abinci, ga mota. Wannan shi ne abin da zan iya kawowa duk wata ba fashi, in Allah Ya yarda. In aka ƙara mini, zan ƙara." Ban taɓa ganin uban da aka yi wa haka ya yi fushi ba. Yawanci ma tausayi ke kama su, don ba su zaci abin bai taka kara ya karya ba.

Ya fi kyau ka ɗauki nauyin abu guda sananne maimakon miƙa kuɗi barkatai: kuɗin wutar gida, ko kuɗin makarantar auta, ko maganin hawan jinin Inna, ko kwano biyar na shinkafa duk wata. Kowa zai san wannan naka ne, ba za a tambaye ka ba, kai ma ba za ka manta ba. In kuna da yawa masu aiki, ku zauna ku raba, don kada nauyi ya taru a kan wanda ya fi kunya.

Sauran dangi da abokai kuma, daga ambulan ɗin hidimar jama'a za a sallame su. In ya ƙare, ya ƙare. Ka koyi faɗin wannan cikin ladabi: "Kawu, wallahi na wannan watan na riga na kasafta, amma ga wannan a sha ruwa." Ɗan abin da ka bayar da sakin fuska ya fi alkawarin da za ka riƙa ɓuya saboda shi. Kada ka ce "zan duba" alhali ka san babu, wannan kalma ita ke jawo kira goma.

Ƙanwata, naki ya fi yawa ta wajen anko da gudummawa. A wata ɗaya ana iya fitar da anko uku. Ki zaɓi na aminiya ta ƙut da ƙut da na 'yar uwa ta jini, sauran ki sa atamfarki mai kyau ki je ki yi Allah Ya sanya alheri. Wadda za ta yanke zumunci don ba ki yi anko ba, da ma can zumuncin bai yi ƙwari ba.

Abu na ƙarshe a nan: kada ka faɗi albashinka a majalisa, kada kuma ka ƙara masa gishiri don a ɗauke ka babba. Duk abin da ka ƙara da baki, da aljihunka za ka biya.

5. Ranar albashi

A ranar, kafin ka sayi ko tsinke, ka bi wannan jeri. Tura kuɗin haya da na ko-ta-kwana zuwa asusun da ba shi da kati. Aika na gida. Biya bashin da ke kanka. Cire na mota da na hidima da na aljihu a dunƙule sau ɗaya, ka zuba kowanne a ambulan ɗinsa, don cirewa kaɗan-kaɗan wajen mai POS kullum da ladanta. Sannan ka nufi kasuwa.

Sayi abin da ba ya lalacewa na wata guda: shinkafa, wake, garin kwaki, taliya, man gyaɗa, manja, busasshen barkono, kuka, daddawa. In kuna da yawa a gidan haya, ku haɗa kuɗi ku sayi rabin buhu ku raba, ya fi awon gwangwani sauƙi nesa ba kusa ba. Kuɗin kayan miya ka raba su huɗu, kowane mako da nasa. In ba ka iya girki ba, ka koyi uku kawai wajen Inna ko yayarka: shinkafa da wake, dafa-duka, da miyar da za ta kwana biyu. Wanda yake da wake da gari a ɗaki, ko aljihu ya bushe ranar 20 ga wata ba zai kwana da yunwa ba, kuma ba zai ci bashi don ciki ba.

6. Inda za ka ajiye

Ajiyar ko-ta-kwana ta ciwo ce, da rasa aiki, da tafiyar gaggawa. Sabuwar waya ba ta ciki, bikin aboki ba ya ciki. Ka fara da burin tara abin da zai riƙe ka wata ɗaya, daga nan ka nufi wata uku. A banki mai lasisi za ka sa ta. Hukumar NDIC, mai kare kuɗin masu ajiya a banki, ta ɗaga inshorar ajiya a 2024 zuwa naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, da miliyan 2 a ƙananan bankunan maikurofainans, wato ko bankin ya rushe, ƙaramin mai ajiya irinka yana da kariya. Mai shagon unguwa ba shi da wannan, komai kirkinsa. In ya rasu ko kasuwa ta juya masa baya, sai dai haƙuri.

Adashi yana da kyau wajen tara kuɗin abu guda, kamar keken ɗinki ko katifa ko haya, saboda kunyar jama'a tana tilasta maka zubi. Amma ka kiyaye abu uku. Ka san uwar adashin da gidanta da waɗanda suka taɓa kwasa a hannunta. A rubuta sunaye da jerin kwasa, kowa ya riƙe hoton takardar. Kuma ka gane cewa kwasar farko bashi ce: ka karɓi kuɗin mutane, za ka yi watanni kana biya. In ba ka da abin da za ka saya nan take, nemi kwasar tsakiya ko ta ƙarshe. Adashi ba ya maye gurbin ko-ta-kwana, don zazzaɓi ba ya jiran ranar kwasarka.

In banki ya yi maka nisa, asusun katako da aka buga da ƙusa yana aiki, muddin ka kai shi ɗakin Inna. Wasu suna sayen tunkiya a bar musu a ƙauye, ko ɗan rago a turke shi kafin Babbar Sallah. Yana fitar da riba, amma ka lissafa dusa da harawa da magani, ka tuna dabba tana mutuwa, ana kuma sacewa. Sayen hatsi da kaka a ajiye ma ba kullum ake ci ba. Waɗanda suka tara masara da tsada suna jiran bazara sun ji jiki da farashi ya faɗi a 2025. Kada ka sa kuɗin hayarka a nan.

7. Bashi, ci da bayarwa

Ka ware shafi biyu a ƙarshen littafi: wanda nake bi, wanda yake bi na. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin yarda ba ne ka ce wa aboki a rubuta. In za ka ranta, ranta abin da in bai dawo ba za ka iya yafewa ba tare da gaba ba. In za ka ci, ka faɗi ranar biya, in ranar ta zo ba ka da shi ka je da ƙafarka ka faɗa tun kafin a neme ka. Kada kuma ka buɗe shafi a littafin mai shago. Wanda yake ɗauka a rubuta ba ya jin zafin farashi, sai ƙarshen wata ya tarar rabin albashi ba nasa ba ne.

8. Ƙofofi uku da za ka rufe

Ta farko cacar ƙwallo. Tana farawa da naira 100, a waya, ba wanda ya gani. Ban da haramcinta, an gina lissafinta ne yadda kamfani zai ci. In ka riga ka shiga, goge manhajar yau, ka faɗa wa amintaccenka, ka ba shi katinka ya riƙe na wata biyu. Ɓoyewa ita ke ciyar da ita.

Ta biyu manhajojin bashi na waya. Suna ba ka cikin minti biyar, wa'adi gajere, ruwa mai yawa, kuma wasunsu in ka makara sai su bi lambobin da ke wayarka suna aika saƙon cin mutunci, har ga surukai da shugabanka na aiki. In an yi maka haka kana iya kai ƙara hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, amma mutuncin da ya zube ba ya kwasuwa duka.

Ta uku masu cewa zuba dubu hamsin ka kwashi dubu ɗari a wata. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta tafi da na wasu a Afrilun 2025, kuma gobe wata za ta zo da sabon suna. Alamarsu ba ta canjawa: riba tabbatacciya mai yawa, a ce ka kawo mutane a ba ka lada, a ce ka yi sauri kafin a rufe. Wanda zai kawo maka tallar yawanci ɗan uwa ne ko abokin aiki da aka biya sau ɗaya ko biyu, kuma da zuciya ɗaya yake kiranka. Ka tambaye shi abu ɗaya: me ake saya, me ake sayarwa har wannan riba ta fito? In amsar ta yi ta kewaye-kewaye, riƙe kuɗinka.

9. Zaman ƙarshen wata

Daren da ya rage kwana biyu albashi, ɗauki littafin ka je wajen amintaccenka. Ku jera abin da ka kasafta kusa da abin da ka kashe, layi-layi. Inda ka zarce wata biyu a jere, ba rashin tarbiyya ba ne kullum, wataƙila kason ne ya yi kaɗan, sai a gyara shi a rage wani. In ka taɓa ajiyar ko-ta-kwana, rubuta nawa ka ɗauka da watannin da za ka mayar. In wata ya lalace gaba ɗaya, ciwo ya zo ko rasuwa, ja layi a ƙarƙashinsa ka buɗe sabon shafi. Da yawa a nan suke jefar da littafin, alhali sai a wata na uku ko na huɗu lissafi yake fara zama daidai.

Ranar da aka yi maka ƙari, ko ka samu wani aikin gefe, raba ƙarin biyu tun bai saba da hannunka ba: rabi ajiya, rabi a raba tsakanin gida da kai, kuma ka koma ka faɗa wa Baba kamar yadda ka yi alkawari. Ɗan bautar ƙasa kuwa ya tuna alawus wata goma sha biyu ne. Tun daga wata na shida ya buɗe shafi na musamman, ya rubuta a samansa abin da zai ci da abin da zai yi jari da shi a wata ukun farko bayan an ba shi takardar sallama, ya raba adadin da watannin da suka rage, ya ƙara shi a matsayin sabon layi a kasafin watan gobe.